Mai Shari'a Ɗahiru Musdafa, Ɗan Babura

An haifi Ɗahiru Musdafa a Babura ran 15 ga watan Yuli, 1942. A zamanin nan Babura tana ƙarƙashin En'e ta Kano, domin ba a yanke Jihar Jigawa ba sai cikin 1991. A Elementaren garin ya fara karatun boko, sa'an nan ya wuce Midil ta Birnin Kudu, daga can sai Kano, makarantar da ake kira Kwalejin Rumfa.

Sa'ad da ya ƙare, sha'anin shari'a a Arewa yana cikin sauyi. Cikin 1960 aka soma aiki da sabuwar dokar hukunta laifuffuka, wadda ta hau kan kotunan alƙalai da na Gwamnati baki ɗaya. Amma fa 'yan ƙasa masu ilmin lauya ba su taka kara sun karya ba, galibin masu aikin daga Kudu suke ko daga ƙetare. Talaka kuwa, in shari'arsa ta kai babbar kotu, sai ya tsaya gaban wanda bai san harshensa ba, balle al'adarsa. Wannan rashi shi ya sa aka himmatu ga koyar da samarin Arewa a Zariya, Ɗahiru yana cikinsu. Daga nan ya tafi Ingila, ya zama lauya cikin 1967, aka kuma shigar da sunansa cikin lauyoyin Nijeriya a 1968.

Bayan ya yi 'yan shekaru yana aikin kansa, cikin 1976 aka naɗa shi Kwamishinan Shari'a na Jihar Kaduna. A 1979 ya zama Babban Joji na Jihar Kano, a 1985 ya hau Kotun Ɗaukaka Ƙara, a 2003 Kotun Ƙoli. Cikin Agusta 2011 ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, bai cika shekara bisa kujerar ba ya sauka, don doka ta yanke shekara 70. Ya rasu cikin Janairu 2018.

To, ku duba. Malamin Elementare da ya fara koya masa baƙi, da hakimi da dagatai masu bi gida gida neman yaran makaranta, duk suna da rabo cikin wannan daraja. Kowa aka ba amanar ɗan ƙauye, kada ya raina ta.

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, amin.