Daga Murhun Dutse Uku Zuwa Tukunyar Gas

 Wani abu ne ya same ni kwanakin baya, wanda ya sa na ajiye labarin da nake rubutawa na ɗauko wannan maganar. Ranar wata Asabar ce dangin maigida suka zo mana wuni, na yi talge ke nan ina shirin tuƙa tuwo, sai na ga wutar ta yi ƙasa ta mutu murus. Na girgiza tukunyar gas, wayam, alhali kwananta goma sha tara kacal da cikawa. Maigidan bai ce uffan ba a gaban baƙi, amma kallon da ya yi mini ya ishe ni. A murhun gawayin maƙwabciyata na ƙarasa tuwon nan, ina fifita ina share ido.

Washegari na je gida na kai wa Innarmu ƙara, wai masu sayar da gas sun zama azzalumai. Ta yi dariya ta ce, "Ke dai 'yar nan, ku wuta ta zo muku a sauƙaƙe, shi ya sa ba ku san darajarta ba." Maganar ta tsaya mini a rai, domin da na bi tarihin murhun gidanmu daga kan kakata zuwa kaina, sai na ga gaskiyarta.

Kakata a murhun dutse uku ta yi girkinta har ƙarfinta ya ƙare, da itace da karan dawa. A wancan lokaci ashana ma ba a ɓarnar ta. Da dare a rufe garwashi da toka, da asuba a tone a hura, in kuwa ta mutu a aiki yaro maƙwabta ya ɗebo wuta a kasko. Ana sauke tukunya za a zare ragowar itacen a yayyafa masa ruwa a ajiye don gobe. Matar da ta bar itace yana ci a banza, to ranar za ta sha faɗa a wurin uwar miji.

Sai zamanin risho ya zo. An gano man fetur a Oloibiri a 1956, kuɗin mai suka cika ƙasa a shekarun 1970, aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980. Kananzir ya wadata kuma da araha, don gwamnati tana biyan tallafi a kansa. Risho mai lagwani ya shiga kayan ɗakin amare, duk wadda aka kai da shi ta zama 'yar gayu. Gas kuwa a lokacin na gidajen manyan ma'aikata ne da attajirai, mu talakawa tsoronsa ma muke ji, cewa ake yi bam ne aka ajiye a kicin.

Daɗin nan bai ɗore ba. A 1994 ma'aikatan mai suka shiga dogon yajin aiki saboda rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993, mai ya yi ɓatan dabo, kuma wahalarsa ta yi ta dawowa cikin shekarun mulkin Janar Sani Abacha. Ina ƙarama a lokacin, amma ban manta layin galan-galan a gidan mai ba, da yadda yayyena kan dawo da yamma hannu biyu, ko a sayo kwalba guda a wurin 'yan bumburutu da tsadar gaske. A nan ne maƙera suka fito da murhun ƙarfen nan na gawayi da aka laƙaba wa suna Abacha. Inna ta goge rishonta ta ɗora a kan kabad, ta koma fifita wuta kamar uwarta.

Shigowar gas gidajen irinmu ba ta daɗe ba. Ƙasar nan tana da arzikin gas mai yawa, amma shekara da shekaru ƙona shi ake yi a banza a rijiyoyin mai na yankin Neja Delta. Kamfanin NLNG da ke Bonny ya fara fitar da gas ƙasashen waje a 1999, sai a 2007 ya soma ware gas ɗin girki domin kasuwar cikin gida. A 2016 aka janye tallafin kananzir, ya yi tsadar da risho ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Ga kuma ƙananan tukwane masu kilo 3 da kilo 6 sun shigo, masu murhu a ka, ga shagunan awo a cikin unguwa. Kafin ka ce me, gas ya kori risho daga kayan ɗaki.

A 2020 da naira dubu huɗu da 'yan kai za ki cika tukunya mai kilo 12.5. Daga 2021 farashi ya fara hawa, saboda gas yana bin kasuwar duniya da darajar dala, ga harajin da aka ɗora wa wanda ake shigowa da shi. A 2022, shekarar da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, ya kai wajen dubu goma. A 2023 aka cire tallafin fetur, naira ta faɗi, kuɗin dakonsa daga kudu zuwa arewa ya ƙaru, har ƙarshen 2024 ya haura dubu goma sha bakwai. Tun daga nan wani lokaci ya sauka, wani lokaci ya sake tashi.

To kin ga, 'yar uwa, itace ya yi tsada, kananzir ya ɓace, gas ya hau, kuma a duk cikinsu babu wanda aka taɓa tambayar matar gida kafin a sa masa farashi. Abin da ke hannunmu shi ne abin da ke tsakanin kunnawa da kashewa, kuma a nan ne iyayenmu suka fi mu. Da na zauna da Inna, sai na ga duk dabarunta na itace suna aiki a kan gas.

Ita ba ta hura wuta sai ta gama haɗa komai. Mu kuwa sai mu kunna gas mu ɗora mai, sannan mu tafi neman albasa, ko mu tsaya amsa waya. Ki yi jajjage, ki wanke shinkafa, ki jera komai kusa, sannan ki kunna. Wake ki jiƙa shi tun dare, naman da ya ƙanƙare a firji ki bari ya saki kafin ki ɗora. Ki rufe tukunya ruf, kada ki cika ruwa fiye da buƙata. Da zarar ta tafasa ki rage wuta, kamar yadda Inna kan zare itace ɗaya, domin ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar, tururi kawai yake zama ya tafi da kuɗinki. Harshen wutar da ya fito gefen tukunya iska yake dafawa. Shinkafa in ta kusa tsotsewa ki kashe, ki bar ta a rufe, zafinta zai ƙarasa ta. Ruwan shayi a dafa sau ɗaya a zuba a filas. Ganda da wake, in da hali, a nemi tukunyar nan mai kulle tururi, ta fi saurin nunar da su nesa ba kusa ba.

Sai abin da Inna ba ta sani ba, wanda na gas ne kaɗai. Wuta mai kyau shuɗiya ce, in kin ga ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan murhun sun toshe, a cire a wanke. Ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a tiyo da bakin tukunyar, in ya yi kumfa yana tsiyaya, a canza nan take, wannan ma maganar rai ce ba ta kuɗi kawai ba. In kin gama girki ki rufe daga kan tukunyar. Wurin sayowa kuma, akwai nauyin tukunyar ba komai a rubuce a jikinta, a ɗora a sikeli a gaban wanda kika aika kafin a zuba da bayan an zuba. Idan ta kama kin koma gawayi na ɗan lokaci, a tsakar gida za ki hura, kada ki shiga da shi ɗaki ki rufe ƙofa, yana kashewa ba tare da an ji ba.

Na bi waɗannan, kuma tukunyar da ta kunyata ni a kwana goma sha tara yanzu tana haura wata guda, bakin da nake ciyarwa bai ragu ba. Maigidan da kansa ya tambaye ni ko na canza wurin saye ne, na ce a'a, makarantar Inna na koma. Ke ma in mahaifiyarki ko kakarki tana raye, ki je ki tambaye ta yadda ta yi a shekarun wahalar kananzir, za ki dawo da abin da ya fi wanda na faɗa miki. Allah ya yassare wa mazajenmu, mu kuma ya ba mu ikon tattalawa, amin.