Mama Ta Danko Da Matan Zamaninta

Duk wanda ya tashi ba da tarihin ilmin boko a ƙasar Zuru, da 'yan mishan yake farawa. Ƙungiyar United Missionary Society, wadda A. W. Banfield ya kafa wa tasha a Shonga ta ƙasar Nufe a 1905, ta iso Zuru a cikin shekarun 1920, kuma daga aikinta ne ikilisiyar UMCA ta fito. Daga nan sai a ambaci asibitin Tungan Magajiya, sai sarakunan Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, sai kuma manyan sojojin da ƙasar nan ta haifa. Duk gaskiya ne. Amma 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu, wa ya taɓa rubuta labarin matan da suka ciyar da mu har muka yi karatun?

Ɗaya daga cikinsu ita ce dattijuwar nan ta Danko da Allah ya yi wa rasuwa. Ba sai na faɗi sunanta ba, don Mama kowa ke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Mama ta tashi ne a lokacin da saurayi ba ya samun mata a ƙasar Dakarkari sai ya yi golmo, wato shekara da shekaru yana noma a gonar surukai. 'Ya mace kuwa, gona da daka da rafi ne makarantarta. Karatun da Mama ta samu na ajin majami'a ne, inda ake koya wa manya baƙaƙe domin su iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932. Abin lura a nan shi ne, yawancin matan nan ba Hausa suka tsotsa a nono ba, C'lela ce harshensu, amma da Hausa suka yi karatu da sujada da waƙa. Ƙungiyarsu ta Zumuntar Mata ita ce ta koya musu tara baiko, da zaga marasa lafiya, da kai wa mai jego hatsi da itace. Ni a ganina, babu wata hukuma a wancan zamani da ta kai wannan ƙungiya sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.

An ga amfanin haka lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Da wuya ka sami zuri'a a ƙasar Zuru da ba ta da ɗa a soja, kuma ba duka ne suka dawo ba. Matan Zumunta ne suka riƙa zaman makoki da gwauraye, su taya su shuka da girbi. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga farin 1973. A waɗannan shekaru ne gidan Mama ya zama masauki.

Waɗanda suka riski zamanin sun san hanyar ba kwalta, mota kuwa sai an yi sa'a. Ɗalibin da ya fito daga ƙauye da akwatin ƙarfe a ka, in dare ya yi masa a Danko, gidan Mama ake nuna masa. Ba ta tambayar ɗan wane ne sai ya ci tuwon dawa ya ƙoshi. Mu Musulmi muna da butarmu da tabarmarmu a gefen zaure. In za a yanka kaza, ɗayanmu take miƙa wa wuƙa, don kowa ya ci hankalinsa kwance. Da azumi ita ke tashinmu sahur, sa'an nan ta koma ɗaki ta yi nata addu'o'in na asuba. Ban taɓa jin ta ja wani zuwa majami'a ba, ban kuma taɓa ganin ta ɓoye bangaskiyarta don idon baƙo ba. Kada a ɗauka mai kuɗi ce. Rumbu ɗaya ne, da 'yan awaki, da daddawar da take kaiwa kasuwa. Kuma tana da faɗa, wanda ya bar tuwo a kwano ya sani.

Jiha ta canja mana sau uku, daga Arewa maso Yamma a 1967 zuwa Sakkwato a 1976 zuwa Kabi a 1991, amma ƙofar nan ba ta taɓa rufuwa ba. Abin da ya sa mutane suka fara sa sakata tun magariba shi ne 'yan bindiga. A watan Nuwamba 2025 suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka kwashe ɗalibai. Yaron da ya taso cikin wannan hali, in ka ce masa an yi lokacin da ake saukar da baƙon dare ba tambaya, tatsuniya zai ɗauka.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiyarmu ta ɗora wa kowane reshe aikin neman sauran matan Zumunta na wancan zamani, a ɗauki maganarsu da bakinsu, da C'lela ko da Hausa. Kaɗan ne suka rage, kuma mafi yawansu ba sa iya fita sujada sai an riƙe musu hannu. Wanda ya taɓa kwana a gidan Mama, ya aiko wa edita abin da ya tuna kafin fitowa ta gaba.