Tanti a Yellowstone

Ranar 1 ga Agusta, 1915, aka buɗe wa motoci ƙofar gandun Yellowstone na Amurka, wanda Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar kafa shi a 1872. Kafin nan, ganin tsaunukansa da maɓuɓɓugansa masu tafasa galibi sai mai hali: jirgin ƙasa, keken doki, masauki mai tsada. Da motar Ford mai araha ta wadatu, sai magidanci ya ɗaure tanti da tukwane a gefenta, ya kwashi iyali, su kwana inda rana ta faɗi musu. Zuwa 1917 kekunan dokin sun kau.

Sai dai filin nan yana da masu shi tun fil'azal. Tukudika, wani reshen Shoshone, sun daɗe suna farautar tumakin dutse a wurin kafin a kwashe su zuwa matsugunan da gwamnati ta keɓe. A 1877 kuwa, mutanen Nez Perce suka ratsa gandun da mata da yara da dawaki, sojan Amurka na biye da su, har suka ci karo da 'yan yawon buɗe ido a sansaninsu. Su ma iyalai ne a kan hanya. Kanada suka nufa; saura kamar mil 40 aka tare su a Bear Paw.