Daurama a Aji, Ɗan Daudu a Tasha

Yaron da ya yi firamare a Mashi ko Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, ya kuma ji cewa mata ne suka mulki Daura kafin zuwan Bayajidda. Littattafan makaranta sun karɓi macen da ta riƙe aikin maza, Daurama a kan gadon sarauta, Amina ta Zazzau a kan dokin yaƙi, har suna yi musu kirari. Amma namijin da ya karkata ga al'amuran mata, wato ɗan daudu, da wuya ka gan shi a shafi, alhali ya daɗe a ƙasar Hausa, a dandalin bori da rumfunan tuwo na kasuwa da tasha.

Za a ce addini ne ya kore shi. Akwai gaskiya a nan, sai dai ba ta ƙare maganar ba, domin malamai sun soki mulkin mace ma, ga shi kuma Daurama tana nan a aji. Bambancin na daraja ne. Tun da aka soma buga littattafan boko a Zariya a shekarun 1930, masu tsara su sun jingina da tarihin fada, inda sarauniya take da gurbi, ɗan daudu kuwa talaka ne mai suya a bakin tasha.