Tarihin Nutso da Abubuwan da ke Ƙarƙashin Ruwa

Mutumin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya fi sanin kifi a kan faifai ko cikin miya, gama Kano ta yi nisa da teku. Amma ku sani, ƙasar Hausa tana da nata gwanayen nutso tun zamanin da, watau Sarkawa, masuntan ƙasar Kabi.

Tun zamanin Kanta, wanda ya zauna Surame cikin ƙarni na 16, Kabawa suka shahara da sha'anin ruwa. Bayan jihadi sarautarsu ta koma Argungu, aka yi shekaru masu yawa ana gaba tsakaninsu da Sakkwato. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa su don girmamawa. Wannan shi ne asalin bikin da ake yi a Matan Fada, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Masunci yakan faɗa ruwa daga gaɓa da gora da homa kaɗai, ya riƙe numfashi, ya nutse. Ruwan kuwa gurɓatacce ne, saboda haka hannunsa shi ne idonsa.

'Yan kallo giwan ruwa suke jira, amma abin al'ajabi ya fi yawa wajen ƙanana. Ga minjirya, wadda Allah ya sa wa lantarki a jiki. Wanda ya taɓa ta sai ya ji hannunsa ya mutu. Ga talibambam, in ya tsorata sai ya cika cikinsa ya kumbura, har babban kifi ya kasa haɗiye shi. Akwai wani irin ƙurungu mai iyo a rigingine, yana kiwo a saman ruwa. Gaiwa kuwa ta fi su duka. In tafki ya ƙafe sai ta shige taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafa ta shan iska, ta kwanta watanni har damina ta dawo. Sarkawa sun san duk wannan ba da takarda ba, ɗa yana koya wurin ubansa.

A sauran ƙasashe ma haka aka fara: nutso don neman abinci ne ko lu'ulu'u, iyakar zaman mutum a ƙasa kuwa iyakar numfashinsa. A 1943 waɗansu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera wata na'ura ta shaƙar iska daga tulun ƙarfe da ake goyawa. Tana ba mutum iska daidai da nauyin ruwan da ke danne shi. Daga nan aka sami masu shiga ruwa don kallo kawai, ba don kamu ba. A 1969 wani mai nutso, Georges Bargibant, ya tarar da wani ɗan mitsitsin dokin teku maƙale a jikin murjani, bai wuce gaɓar yatsa ba. A mashigin Lembe na ƙasar Indunusiya mutane sukan zo daga nesa su duba baƙin yashi don irin waɗannan halittu.

To, me ya kamata mu koya? Magabata sun kafa doka: akwai wuraren da ba a su sai Sarkin Ruwa ya yi izini, a yi fashin ruwa, domin kifi ya sami sararin hayayyafa. Tun da aka gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ambaliyar da ke cika fadamu ta ragu, kifi kuma ya ragu a ƙasa da ita. Taru mai ƙananan ido da zuba magani a ruwa su ma suna kwashe babba da yaro. Giwan ruwa ƙananan kifaye take ci. In sun ƙare, ita ma ta ƙare, masunci ya koma gida da gora wofi.

Saboda haka hakimai da sarakunan ruwa su tsare tsohuwar doka, masu ilmi kuma su je wurin tsofaffin masunta su rubuta abin da suka sani tun suna da rai. Allah ya sa mu gane, amin.