Ja Ka Saki: Tarihin Ɗan Aiken da Ba a Gani

A zamanin da Malam Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Katagum, labarin ƙasar ba ya isa Sakkwato sai manzo ya ɗaura sirdi ya kai wasiƙa. Hedikwatar masarautar ta koma Azare a 1916, dawakan aike kuma sun zama tarihi, amma aikin manzo bai mutu ba. Yana nan a shagunan kwamfuta na garin, inda ɗalibi ke danne hotonsa da linzamin kwamfuta, ya ja shi cikin akwati a shafin intanet, ya saki. Jan da sakin duk a kwamfutar shagon suka faru. Babbar na'urar da ke ajiye bayanan, wadda ake kira saba, ba ta da labari sai an aika mata.

Douglas Engelbart ne ya nuna wa jama'a linzamin kwamfuta a San Francisco cikin Disambar 1968, sannan Macintosh ta kamfanin Apple ta saba wa mutane da jan takarda zuwa kwandon shara a 1984.

A intanet ne abin ya yi wuya. Shafukan farko ba sa iya gaya wa saba komai sai an danna maɓallin aikawa, shafin ya ɓace gaba ɗaya, a zauna jiran sabo. Microsoft ta buɗe ƙofa a 1999 da Internet Explorer 5, wadda ke gane lokacin da aka ja abu da lokacin da aka sake shi. Ta kuma zo da wata dabara, XMLHTTP, da ke ba shafi damar tura ɗan ƙaramin saƙo ta bayan gida yana nan yadda yake. Saƙon ba shi da yawa: me aka ɗauka, ina aka ajiye shi. Saba ta duba, ta rubuta, ta mayar da amsa. Duniya ba ta farga da darajar wannan ba sai a Fabrairun 2005, da taswirar Google ta fito, mutane suna jan ta da hannu sabbin unguwanni na bayyana. A watan ne Jesse James Garrett ya raɗa wa salon suna Ajax. Zuwa 2010, mai Gmail na iya jefa takarda kai tsaye cikin wasiƙa.

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ɗaliban ƙasar Katagum sun ƙara dogaro da wannan manzo, kuma a nan ne abin damuwa yake. Hoto na iya zama daram a akwatinsa alhali sabis ya yanke a hanya, saƙon bai je ko'ina ba. Ɗalibi da mai shago, kada ku tashi daga gaban allo sai saba ta amsa cewa ta karɓa.