Tafiyar Jirgin Ruwa Tsakanin Yola da Garwa: Waiwaye a Kan Kogin Binuwai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Jimeta da rani, ya ga yadda rairayi ya cinye tsakiyar kogi, da wuya ya yarda cewa manyan jiragen ruwa sun taɓa ratsa wurin ɗauke da kaya da matafiya zuwa Garwa ta ƙasar Kamaru. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan tafiya, ta kuma nuna cewa iyakar da Turawa suka shata ba ita ce ta kashe ta ba.

2.0 Kafin Shata Iyaka

Binuwai ya faro ne daga tsaunukan Adamawa, ya bi ta Garwa da Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja, tsawon kimanin kilomita 1,400. A ƙarni na 19 Yola da Garwa ƙasa ɗaya ce, wato Fombina, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A 1841 ya mai da Yola mazauninsa. Fataken Hausawa masu neman hauren giwa sun yi ta kai da kawowa a wannan ƙasa, ba su buƙatar komai illa guzuri da ladan mai fito da yardar sarakuna. A haka Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sami kogin a watan Yuni na 1851, ya haye shi cikin kwalekwale.

3.0 Zamanin Turawa

Labarin Barth ne ya jawo jirgi mai tururi. A 1854 Baikie ya hauro Binuwai, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe masa ko mutum ɗaya ba, albarkacin kwini. Taron Barlin na 1884 zuwa 1885 ya amince cewa jirgin kowace ƙasa yana da 'yancin bin Kwara da rassanta, amma Kamfanin Neja, wanda Ingila ta ba izinin mulki a 1886, ya yi kane-kane a kogin. A 1893 Ingila da Jamus suka raba Fombina: Yola ta faɗa rabon Ingila, Garwa da mafi yawan ƙasar suka faɗa rabon Jamus. Ba a nemi shawarar Lamiɗo Zubairu ba, kuma ta wannan kogi sojan Ingila suka zo suka ci Yola a 1901. A 1915 aka ƙwace Garwa daga hannun Jamusawa, daga bisani ta zauna a hannun Faransa.

Abin lura shi ne, bayan wannan rabo ne zirga-zirga ta fi bunƙasa. Dalili kuwa, arewacin Kamaru yana da nisa ƙwarai da tashar Duwala, ga shi babu layin dogo, saboda haka hanyar da ta fi sauƙi zuwa teku ita ce ta cikin Nijeriya. Jiragen U.A.C. da na Janhol kan taso daga Burutu da Warri da gishiri da siminti da kananzir da atamfa, su komo da gyaɗa da auduga da fatu. Sai dai ruwa bai isa ɗaukar babban jirgi har Garwa sai tsakiyar damina, na 'yan makonni, don haka cinikin shekara guda a wannan ɗan lokaci ake yin sa. 'Yan koli da almajirai da masu ziyarar dangi kan shimfiɗa tabarma a jikin buhuna, da buta da ƙunshin kaya, su tsallaka daga mulkin Ingila zuwa na Faransa alhali Fulatanci da Hausar da suka baro su ne suke tararwa.

4.0 Dushewar Hanyar

Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko, yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya datse ƙasan Kwara, jirage suka daina haurowa. Na biyu, layin dogon Kamaru ya isa Ngaundare a 1974, kayan arewa suka juya zuwa Duwala, motoci kuma suka kwashe fasinja. Na uku, madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 ta riƙe ambaliyar da jirage suke dogaro da ita. Tun daga nan sai kwalekwale da ƙananan jirage masu inji suka rage a tsakanin garuruwan biyu.

5.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa muddin ɓangarorin biyu suna cin moriyar kogin tare, iyaka ba ta hana su komai ba. Da moriyar ta yanke, sai ya zamana mutanen Adamawa da Binuwai da Kogi ba su tuna Kamaru sai an saki ruwan Lagdo, kamar yadda ambaliyar 2012 da ta 2022 suka nuna. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A wannan yanki a ruwa take, kuma farfaɗo da ita yana buƙatar yashe kogin da cikakkiyar yarjejeniya a kan sakin ruwa tsakanin ƙasashen biyu.